Kwashe saƙonnin imel daga folda zuwa folda ta layin umarni: wace hanya ta dace da wa

Wanda saƙonni suka taru masa dubbai a akwatin imel, ya kuma gaji da jan su da linzami ɗaya bayan ɗaya, yakan juya ga layin umarni, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi, da fatan jimla guda za ta yi masa aikin yini. Fatan nan gaskiya ne, amma manhajojin da ke wannan aiki sun bambanta ƙwarai, kuma bambancin nasu bai tsaya ga sauƙin rubuta umarni ba. Kafin a zaɓi ɗaya daga cikinsu dole a amsa tambaya guda: a ina asalin saƙonnin yake zaune, a faifan kwamfutar mutum ko a saba, wato kwamfutar mai ba da imel da ke riƙe masa saƙonni a intanet? Duk wata ɓarna da ake samu wajen kwashe saƙo, ko ya ɓace, ko ya ninku, ko ya dawo inda aka ɗauke shi, tana tasowa ne daga motsa shi a wani wuri alhali wata manhaja a wani wurin tana riƙe da lissafinsa ba a sanar da ita ba.

A kan faifai, tsari uku ne suka shahara wajen ajiye imel. Mafi daɗewa shi ne mbox, inda folda gaba ɗayanta fayil ɗaya ce, saƙonni na jere a ciki, kowanne ya fara da layin da ke buɗewa da kalmar `From` da tazara. A wannan tsari kwashe saƙo na nufin a liƙa shi a ƙarshen wani fayil, sannan a sake rubuta fayil ɗin da ya fito daga ciki ba tare da shi ba. Idan fayil ɗin babba ne aikin yana ɗaukar lokaci, idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutun, abin da ke cikin haɗari folda ce sukutum. Haka nan sai an kulle fayil ɗin kafin a taɓa shi, kuma hanyoyin kullewa sun kasu har uku, ba lallai ne manhajoji biyu su yi amfani da iri ɗaya ba. Tsohuwar manhajar `mail` tana iya adana saƙonni a wani fayil da umarnin `s`, amma ba na ganin dalilin da zai sa mai fara tsara imel ɗinsa a yau ya gina kan mbox. Amfaninsa ya rage ga taskance tsoffin saƙonnin da ba za a ƙara taɓa su ba, da ɗaukar su daga wata manhaja zuwa wata.

Tsari na biyu shi ne MH, wanda aka ƙirƙira a cibiyar RAND da ke Amurka a ƙarshen shekarun 1970, kuma magajinsa da ake amfani da shi yanzu shi ne nmh. A nan kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, sunansa lamba ce kawai, 1 ko 2 ko 350, folda kuwa folda ce ta gaske a kan faifai. Abin da ya bambanta MH da sauran shi ne babu wata babbar manhaja da ake shiga ciki a zauna. Akwai ƙananan umarni da yawa, kowanne da aikinsa: `inc` ya shigo da sababbin saƙonni, `scan` ya jera su, `show` ya nuna ɗaya, `pick` ya zaɓo waɗanda suka cika sharaɗi, `refile` ya kwashe su. Don a tattara saƙonnin banki wuri guda, ana iya rubuta:

`pick +inbox -from banki -sequence zabi`
`scan zabi`
`refile zabi +kudi`

Layin farko ya zaɓo saƙonnin ya ba su suna, na biyu ya nuna su domin mutum ya duba da idonsa, na uku ya kai su folda mai suna kudi, kuma idan babu ita sai ya tambaya ko a ƙirƙira ta. A ganina har yau babu wata manhaja da ta fi wannan tsafta wajen raba zaɓe da dubawa da aiwatarwa, kuma waɗanda suka gina ta sun yi tunani a kan kurakuran da ɗan Adam ke yi. Misali, idan aka saka `pick` a cikin wani umarni kai tsaye kuma bai sami ko saƙo ɗaya ba, yakan fitar da lambar 0, wadda ba ta dace da kowane saƙo ba, domin kada `refile` ya ɗauka ba a ba shi komai ba ya kwashe saƙon da ake kai a lokacin. Haka kuma `refile` ba ya goge fayil ɗin asali nan take. Yakan sauya masa suna ta hanyar ƙara alama a gabansa, galibi waƙafi, ya bar shi a tsohuwar folda har sai an share, sai fa idan an ba shi `-unlink`. Da `-link` kuma saƙon yana zama a foldoji biyu a lokaci guda. Saƙon da aka kwashe yakan sami sabuwar lamba, wadda ke bin mafi girma a sabuwar folda, sai dai in an nemi a riƙe tsohuwar da `-preserve`.

Raunin nmh guda ne, amma babba ne ga mutumin wannan zamani. An gina shi ne a kan cewa saƙo yana sauka a kwamfuta ɗaya ya zauna a can, kuma `inc` yana janyo shi daga akwatin cikin gida ko ta hanyar POP, ƙa'idar sauko da imel daga saba. Duk tsarin da mutum ya yi da `refile`, wayarsa ba ta san da shi ba. Wanda ke karanta imel a kwamfuta ɗaya tak, ko yake son taska ta kansa wadda ba ta dogara da kowace saba ba, zai ji daɗin nmh shekaru masu yawa. Wanda rabin karatunsa a waya yake yi zai tarar yana tsara abu biyu daban.

Tsari na uku, wanda ya fi yaɗuwa a yau, shi ne Maildir, da Daniel Bernstein ya fito da shi tare da manhajar sabar imel ta qmail a tsakiyar shekarun 1990. Shi ma saƙo ɗaya fayil ɗaya ne, amma kowace folda tana da ƙananan foldoji uku: `tmp` inda ake rubuta saƙo kafin ya kammala, `new` inda yake sauka, da `cur` inda yake komawa bayan manhajar karatu ta gan shi. Sunan fayil dogo ne kuma ba ya maimaituwa, a ƙarshensa kuma ake rubuta halin saƙon bayan alamar `:2,` da haruffa, S idan an karanta, R idan an ba da amsa, F idan an yi masa tuta, T idan an ware shi don gogewa. Ba a buƙatar kulle komai, domin sauya wa fayil wuri a kan faifai ɗaya aiki ne da ko dai ya auku gaba ɗaya ko bai auku ba sam.

Wannan sauƙi ne ke jan mutane su ce ai `mv`, umarnin sauya wa fayil wuri, ya isa, kuma idan Maildir ɗin na cikin gida ne zalla, kusan haka ne. Sai dai a kula da abubuwa kaɗan: saƙon da ke `cur` ya tafi `cur` na sabuwar folda, a yi amfani da `mv -n` domin kada a danne wani fayil, a kuma tuna cewa idan foldojin biyu suna kan faifai daban, `mv` yakan koma kwafi sannan gogewa, wanda ke iya tsayawa a tsakiya. Matsalar gaske tana zuwa ne idan Maildir ɗin madubi ne na abin da ke kan saba, wato ana daidaita shi da sabar ta hanyar manhaja irin su mbsync ko OfflineIMAP. A tsarinsa na asali mbsync yana rubuta lambar saƙo a cikin sunan fayil, kamar `,U=4127`, kuma lambar tana da ma'ana ne a cikin waccan folda kaɗai. Idan aka ɗauki fayil ɗin da `mv` aka kai shi wata folda da sunansa yadda yake, ya zama kamar ɗalibin da aka sauya wa aji ya tafi da lambar rajistar tsohon ajinsa: ko dai ya tarar da mai lambar a can, mbsync ya tsaya yana kukan lamba ta maimaitu, ko kuma a ɗauke shi a matsayin wanda an riga an san da shi, a ƙi tura shi saba. Maganin shi ne a cire wannan ɓangare daga sunan yayin kwashewa, kuma littafin jagorar mbsync da kansa ya faɗi cewa wajibi ne manhajar karatu ta sauya sunan fayil idan ta kai shi wata folda. OfflineIMAP ya kauce wa wannan ta hanyar ƙara wata shaida ta sunan folda a cikin sunan fayil, wadda ke farawa da `FMD5`, don haka idan ya ga fayil a foldar da ba tasa ba yakan ɗauke shi sabon saƙo.

Ko an gyara sunan, akwai abin da ya kamata a sani game da kuɗin wannan hanya. Manhajar daidaitawa ba ta fahimtar cewa an kwashe saƙo. Abin da take gani shi ne wani ya ɓace a nan, wani sabo ya bayyana a can, saboda haka sai ta loda shi gaba ɗayansa zuwa saba, har da duk abin da aka maƙala masa, ta kuma yi wa na tsohuwar folda alamar gogewa. Ga mai intanet mara iyaka wannan ba komai ba ne, amma ga wanda ke sayen data da awo, ko yake inda layi ke yankewa, kwashe saƙonni dubu biyu masu ɗauke da hotuna da takardu yana nufin biyan kuɗin loda abin da tun farko yana kan sabar. Ban da haka, mbsync ba ya share waɗanda aka yi wa alamar gogewa sai an ba shi izini da `Expunge`, ba ya ƙirƙirar sabuwar folda a ɗaya ɓangaren sai an buɗe masa `Create`, kuma idan ba a kunna `CopyArrivalDate` ba, saƙon da aka loda yakan ɗauki ranar lodawa a matsayin ranar isowarsa. Sakamakon na ƙarshen nan shi ne wasiƙar shekara biyar da ta wuce ta hau saman jeri a wayar da ke tsara saƙonni bisa ranar isowa.

Wanda yake son salon MH amma a kan Maildir yana da mblaze, tarin ƙananan umarni da Leah Neukirchen ta rubuta. Tunaninsu ɗaya da na nmh, sai dai a nan ana haɗa umarnin ne da bututu, kowanne yana miƙa wa na gaba jerin sunayen fayiloli:

`mlist ~/Mail/INBOX | mpick -t 'from =~ "banki"' | mscan`

Idan jerin da ya fito ya yi daidai, sai a maye gurbin `mscan` da `mrefile ~/Mail/Kudi`. Fifikonsa a kan `mv` shi ne ya san ƙa'idar Maildir, yana riƙe alamomin saƙo, kuma `mpick` yana karanta kan saƙo yadda ya kamata, ba kamar umarnin neman kalma na `grep` ba wanda zai iya kama kalmar banki a tsakiyar wata wasiƙar da ba ta da alaƙa da banki, ya kuma kasa gane sunan da aka rubuta da haruffan da aka sauya wa siffa domin aikawa. Ga mai Maildir da ke son rubuta jerin umarni da zai riƙa gudana da kansa, mblaze ne zan fara nuna masa. Abin da ba ya kawarwa shi ne lodawar da aka ambata a sama, tunda shi ma a kan faifai yake aiki.

Mutt, wanda Michael Elkins ya fara a 1995, da reshensa NeoMutt, suna wani matsayi na daban, domin manhajoji ne da ake shiga a ga jerin saƙonni a allo. Ana danna `T` a rubuta sharaɗi, misali `~f banki ~d >30d` don saƙonnin banki da suka haura kwana 30, sai duk waɗanda suka dace su sami alama. Daga nan a danna `;` sannan `s`, a rubuta `=Kudi`, a ƙarshe a danna `$` domin a tabbatar da canjin. Mutt yana kwafe saƙon zuwa sabuwar folda ya yi wa na asali alamar gogewa, kuma kafin a danna `$` ana iya janye alamar. Ƙarfinsa shi ne ya iya mbox da MH da Maildir da IMAP (ƙa'idar da manhaja ke bi ta sarrafa imel yana kan saba) duka, saboda haka shi ne hanya mafi sauƙi ta ɗaukar saƙonni daga wani tsari zuwa wani, yana sauya sunan fayil da kansa idan ya kwashe a Maildir, kuma idan foldojin biyu suna kan sabar IMAP ɗaya yakan umarci sabar ta yi kwafin a can ba tare da saƙon ya sauko ba. Ga aikin da mutum ke son gani da idonsa kafin ya yanke hukunci, kamar share akwatin da ya shekara ba a taɓa ba, ban san abin da ya fi shi ba.

Inda Mutt ke gazawa shi ne aikin da ba mutum a gaban allo. Ana iya tura masa jerin dannawa da `-e` da `push`, amma wannan kwaikwayon yatsun mutum ne, kuma tambaya ɗaya da ba a zata ba, kamar ko a ƙirƙiri folda ko a ƙara a kan wadda ke akwai, ta isa ta karkatar da sauran dannawar zuwa inda ba a nufa ba. Akwai `tag-prefix-cond` da aka tanada domin a dakatar da jerin idan babu saƙon da ya sami alama, kuma duk mai bin wannan hanya ya wajaba ya yi amfani da shi, amma gara a bar Mutt ga aikin hannu.

Notmuch, da Carl Worth ya fara a 2009, ya zo da wata amsa dabam: kada a kwashe komai. Yana gina fihirisa na dukan saƙonni da injin bincike na Xapian, mutum kuma ya riƙa liƙa musu lakabi, kamar `notmuch tag +kudi -inbox -- from:banki`, fayilolin suna nan inda suke. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar lakabi goma, abin da folda ba ta iyawa, kuma aikin yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido ko da saƙonnin sun kai dubu ɗari. Sai dai lakabin yana zaune ne a rumbun notmuch, ba a cikin saƙon ba, in ban da 'yan alamomin Maildir da yake daidaitawa, don haka waya ba ta ganinsa, kuma wajibi ne a riƙa adana shi da `notmuch dump`. Masu son lakabi ya koma folda ta gaske sukan haɗa shi da afew, wanda ke da sashen kwashe saƙonni bisa sharaɗi da zaɓin sauya suna saboda mbsync, ko kuma su karɓi jerin fayiloli daga `notmuch search --output=files` su miƙa wa wani umarni. A nan akwai tarko: notmuch yana ɗaukar duk fayilolin da ke da lambar shaida ɗaya a matsayin saƙo ɗaya, kuma yakan fitar da sunayensu duka, har da kwafin da ke wata foldar da ba a nema ba, kamar ta saƙonnin da aka aika. Wanda bai tace jerin ba zai kwashe abin da bai yi niyya ba.

Duk waɗannan, ban da Mutt, a kan faifai suke aiki. Idan asalin saƙonnin yana kan saba, kamar yadda yake ga mafi yawan mutane yanzu, hanya mafi tsafta ita ce a gaya wa sabar ta yi kwashewar da kanta. Ƙa'idar IMAP ta daɗe ba ta da umarnin kwashewa. Abin da ake yi a lokacin shi ne matakai uku, a kwafa da `COPY`, a yi alamar gogewa, a share da `EXPUNGE`, kuma na ƙarshen yana share duk saƙon da ke da alamar a foldar, ba wanda aka kwashe kaɗai ba. A 2013 aka fitar da daftarin ƙa'ida mai lamba RFC 6851 da ya ƙara umarnin `MOVE`, daga baya kuma RFC 9051 na 2021 ya shigar da shi cikin ainihin ƙa'idar. Ana iya aika shi da curl, umarnin aika buƙata zuwa saba, wanda kusan kowace kwamfutar Linux tana da shi:

`curl -n "imaps://imap.example.com/INBOX" -X "UID SEARCH FROM banki"`
`curl -n "imaps://imap.example.com/INBOX" -X "UID MOVE 4120,4127,4135 Kudi"`

Kalmar `UID` a gaban umarnin ba ado ba ce. IMAP yana da lambobi iri biyu, lambar jeri wadda ke sauyawa duk lokacin da aka cire saƙo daga folda, da lambar dindindin wadda ba ta sauyawa, kuma wanda ya yi bincike da ɗaya ya kwashe da ɗayar zai taɓa saƙonnin da ba su ba ne. Curl ya dace da aikin sau ɗaya, ko da gwada abin da saba ke karɓa, amma mutum ne zai ɗauki lambobin daga amsar farko ya saka a ta biyu, kuma da zarar sharuɗɗan sun yi yawa rubutun yakan zama wahala.

A nan ne imapfilter ke shigowa, kuma shi ne zaɓina ga mafi yawan masu wannan buƙata. Ana rubuta masa dokoki da harshen Lua a fayil ɗaya, ya shiga saba, ya sa ta yi binciken, ya sa ta yi kwashewar, jikin saƙon bai sauko ba:

`zabi = akwati.INBOX:contain_from('banki') * akwati.INBOX:is_older(30)`
`zabi:move_messages(akwati.Kudi)`

A nan `akwati` sunan da aka ba asusun imel ɗin ne. Alamar `*` tana nufin a cika sharuɗɗan biyu, `+` ko wanne daga ciki, `-` kuma a cire na biyu daga na farko, don haka dokoki masu sarƙaƙiya suna rubutuwa a layi ɗaya da za a iya karantawa bayan wata shida a gane. Tunda a saba aka yi aikin, waya da kwamfuta da shafin intanet duk suna ganin sakamako ɗaya, ranar isowar saƙo ba ta sauyawa, abin da aka kashe na data kuma bai wuce na umarni da lambobi ba. Yana iya kwashewa tsakanin asusu biyu a sabobi daban, amma a wannan hali dole saƙon ya sauko sannan ya hau. Abin da ake biya shi ne koyon ɗan Lua, da buƙatar intanet a lokacin aikin, da kuma yarda da irin binciken da sabar ta iya, wanda bai kai na notmuch kaifi ba. Mai amfani da mbsync ma yana iya amfana da shi: ya bar imapfilter ya tsara a saba tukuna, sannan mbsync ya janyo. Saƙon da aka tsara kafin ya taɓa sauka sau ɗaya kawai zai sauko, a foldar da ta dace. Wanda ya riga ya sauka kuwa za a sake sauko da shi a sabuwar foldar, amma asalinsa a saba bai motsa daga hannun sabar ba, kuma wannan ya fi aminci.

Gmail yana buƙatar a yi masa magana ta musamman, domin abin da yake nunawa a matsayin folda ta IMAP lakabi ne. Kwashe saƙo daga akwatin shiga zuwa Kudi yana nufin a cire masa lakabi ɗaya a liƙa masa wani, saƙon kuma yana nan a taskar dukan saƙonni. Kai shi kwandon shara yana fitar da shi daga dukan foldojin har da taskar, bayan kwana 30 kuma a goge shi. Wanda ke daidaita Gmail da mbsync zai ga saƙo mai lakabi uku ya sauko sau uku, har da na huɗu idan ya haɗa da taskar duka. Ga masu notmuch akwai lieer, wanda ke daidaita lakabin notmuch da na Gmail kai tsaye, kuma ya fi dacewa da yadda Gmail yake a zahiri. Sannan shiga kansa ya ƙara wuya, tunda Google ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji, sai kalmar sirri ta musamman ga manhaja, wadda ke buƙatar tabbatarwa mai mataki biyu, ko kuma OAuth2, hanyar ba manhaja izinin shiga ba tare da miƙa mata kalmar sirri ba. Microsoft ma ya rufe tsohuwar hanyar shiga a hidimar imel ɗinsa ta Exchange Online tun daga 2022. Yana da kyau a tabbatar manhajar da aka zaɓa za ta iya shiga asusun kafin a ɓata lokaci wajen rubuta mata dokoki.

Mai kula da sabar kansa, idan manhajar Dovecot ce ke tafiyar da ita, bai kamata ya taɓa fayilolin Maildir da `mv` ba alhali yana da `doveadm`, wanda ke kwashewa ta cikin Dovecot ɗin, fihirisarta kuma ta kasance daidai:

`doveadm move -u suna Taska mailbox INBOX before 2024-01-01`

Sharaɗin da aka ba `move` ana iya fara ba wa `doveadm search` domin a ga abin da zai shafa. Ga saƙonnin da ba su iso ba tukuna, harshen Sieve, wanda RFC 5228 na 2008 ya fayyace, yana kai kowanne foldarsa da `fileinto` tun a lokacin isowa, ko kwamfutar mutum tana kashe. Yawancin abin da mutane ke kwashewa da hannu kowane mako, irin su sanarwar banki da rasit da wasiƙun ƙungiyoyi, doka ɗaya ta Sieve za ta hana su taruwa tun farko, idan mai ba da imel ɗin ya buɗe wannan dama. Procmail, wanda ya fito a 1990, ya yi wannan aiki shekaru da yawa a kwamfutocin Unix, amma rubutun dokokinsa yana da wuyar karantawa, kuma sabon mai farawa zai fi samun sauƙi da Sieve ko maildrop.

Akwai abu ɗaya da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye, wato sunayen foldoji. IMAP4rev1, tsohon bugun ƙa'idar IMAP wanda har yanzu shi ne mafi yawan sabobi ke magana da shi, ba ya aika haruffan da ba na ASCII ba, wato waɗanda babu su a Turanci, yadda suke a sunan folda. Yana sauya su da wani salo na UTF-7, ta yadda folda mai suna Ƙungiya take zama `&AZg-ungiya` a tsakanin manhaja da saba. Manhajar waya tana yin wannan juyi a ɓoye, amma curl yana aika abin da aka rubuta masa ne kawai, don haka umarnin da ke ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ yana iya komawa da amsar cewa babu wannan folda, alhali ga ta ana gani a waya. Shi ya sa misalan da ke sama suka ce Kudi da d mara lanƙwasa. Haka alamar da ke raba babbar folda da ƙaramarta ta bambanta, wasu sabobi suna amfani da `/` wasu da ɗigo, kuma umarnin `LIST`, wanda curl ke aikawa idan aka ba shi adireshin saba ba tare da sunan folda ba, yana nuna sunayen da alamar rabuwar daidai yadda sabar ke son a rubuta mata su.